Satar Amsa a Ɗakin Awon Ƙwaƙwalwa

Tun ranar da likita ya ce za a auna ƙwaƙwalwar Malama, mijinta bai taɓa kiran abin da sunan awo ba. Jarrabawa yake cewa. Jarrabawa kuwa ana cinta, ana faɗuwa, kuma ya san abin da zai biyo baya idan matarsa ta faɗi.

Mai gyaran wuta ne, har zuwa lokacin da gwiwoyinsa suka hana shi hawa tsani. Duk unguwa Injiniya ake ce masa, matarsa ce kaɗai ba ta yarda da sunan ba. Ita Ɗalibi take kiransa, domin a ajin yamma na manya suka haɗu, shi saurayi mai hannu duk tabon ƙuna wanda bai iya rubuta sunansa ba, ita kuwa sabuwar malama mai kaifin murya da ido irin na wadda ba a yi wa ƙarya. Ta koya masa baƙaƙe, shi kuma ya riƙa gyara mata fitilar aji. Fitilar ta cika lalacewa a shekarar nan, kuma har suka yi furfura bai amsa cewa shi ne ke sassauta ƙwan ba.

Mantuwar ta shigo gidansu ba sallama. Wata rana Malama ta tsaya a gaban firji tana neman sunansa, ta rasa, ta ce “akwatin sanyin nan”. Suka yi dariya. Wata rana ta ɗora ruwan shayi ta fita sharar ƙofar gida, har tukunyar ta ƙone. Wannan karon shi kaɗai ya yi dariya, ya kankare tukunyar ya ɓoye ta bayan kabad. Daga nan ya koyi sabuwar sana'a. Idan baƙo ya shigo, sai ya riga ta faɗin sunansa da ƙarfi: “A'a, ga maƙwabcinmu tela!” Idan ta fara magana kalma ta suɓuce mata, sai ya cafe ya miƙa mata, kamar yadda ake miƙa wa mai aiki a kan tsani filaya kafin ya nema. Ya ƙware har maƙwabta suna cewa, ji waɗannan tsofaffin, ɗaya na fara magana ɗaya na ƙarasawa.

Autarsu ce ba ta ruɗu ba. Ta zo hutu daga garin da take aure, ta ga uwarta ta tambaye ta labarin yara, ta amsa, ta sake tambaya, ta sake amsawa. Ta ja uban gefe.

“Baba, na gyara ɗaki a gidana. Idan asibiti suka ce ciwon mantuwa ne, da Mama zan tafi. Kai ma ƙafarka ba lafiya gare ta ba, ba za ka iya ba.”

“Ni fa?”

“Kai ma ka zo mana.”

“In je in zauna a falon suruki kamar tsohuwar rediyo? Uwarki a gidan nan ko ido ta rufe ta san inda cokali yake. Ki kai ta can, ko banɗaki sai an nuna mata.”

“To, mu ji abin da likita zai ce.”

A zuwansu na farko likita ya yi wa Malama tambayoyi: wace rana ce yau, me ta karya da shi, ta maimaita kalmomin da ya faɗa mata ɗazu. Duk tambayar da ya jefa, kafin ta sauka Injiniya ya tare ta, ko da tari, ko da “ai kin faɗa mini da safe”. Likitan ya ajiye biro ya ce, cikin raha, shi fa bai san ƙwaƙwalwar wa yake dubawa ba. Ya rubuta musu gwajin jini da hoton kai, sannan ya ce za a yi wani awo da ba a amsa shi da baki.

An ce ta zo da kai wankakke, babu mai, babu kitso. Da safen, shi ya zaunar da ita a kan kujerar tsakar gida ya tsefe mata kan da yatsunsa masu kaushi, a hankali, kamar yana warware tsofaffin wayoyin da suka cukurkuɗe. Gashin ya yi fari ƙal, ya yi laushi. Tana ta mita yana ja mata, yana ta ba ta haƙuri.

“Ɗalibi, ina ma za mu?”

“Asibiti, Malama. Jarrabawa za ki yi.”

“Ni? Ni da nake ba wasu?”

“Yau ke ce a benci.”

Ɗakin awon ƙarami ne, a ƙarshen wani dogon baranda mai warin maganin goge ƙasa. Labule mai kauri ya rufe taga. Akwai kujera mai jingina irin ta masu aski, da tebur ɗauke da kwamfuta, da ƙaramar lasifika a kan kanta, da na'urar sanyaya ɗaki tana huci a sama. Mutum ɗaya aka yarda ya shiga da marar lafiya. Auta ta miƙe, uban ya riga ta kama ƙofa, ta koma ta zauna a benci tana harararsa.

Mai na'urar mace ce mai matsakaicin shekaru, ga tabarau rataye a wuya, ga murya mai sanyi. Ta auna kan Malama da tef, ta ɗiga alamu da jan fensir, sannan ta ɗauko wata hula ta roba mai ƙananan ramuka, wayoyi launi-launi na zuba daga cikinta.

Injiniya ya matso. Ganin waya kawai ya sa idonsa ya yi haske.

“'Yata, wuta za ku sa mata?”

“A'a, Baba. Wutar da ke kanta za mu saurara. Ba ma zuba komai, ɗauka kawai muke yi.”

“Akwai wuta a kan mutum?”

“Akwai. Amma 'yar kaɗan ce, ko tururuwa ba za ta ja ba.”

“Wannan kam tana ja,” in ji shi. “Ni na sani. Na sha shokin.”

“Rabu da shi,” in ji Malama. “Wanda ya riƙe waya tsirara ya ce waya ce mai laifi.”

Mai na'ura ta yi dariya tana ɗura wani farin man shafawa a kowane rami, mai sanyi, har Malama ta ɗage kafaɗa. Ganin haka ta ɗauko bargo ta lulluɓe mata cinya da hannuwa. Ta ba Injiniya kujera a gefen hagu, ta ce ya zauna, ya yi shiru.

“Mama, ki rufe ido. Ki saki jikinki. Kada ki yi barci, kada ki ciji haƙora.”

Ta rage fitila. Sai layuka suka bayyana a allon kwamfutar, ɗaya a kan ɗaya, suna tafiya daga hagu zuwa dama suna rawa, kamar fuskar ruwa idan iska ta shafe ta. Injiniya ya kasa ɗauke ido. Tsawon rayuwarsa yana bin wuta cikin bango, yana sanin inda take ba tare da ya gan ta ba. Bai taɓa tunanin zai zauna ya ga wutar matarsa ba. A cikin layukan nan ne sunansa yake. A nan ne ranar da aka haifi Auta take, da waƙoƙin da take koya wa yara, da duk faɗan da suka yi suka shirya. Ya yi ta neman inda layin ya tsinke, bai gani ba. Duk a idonsa kyau suka yi masa.

Ta ce ta buɗe ido, layukan suka canza tafiya. Ta ce ta rufe, suka sake canzawa. Shi dai yana gyaɗa kai kamar yana fahimta.

“Yanzu sai na biyu,” in ji mai na'ura. Ta sa wa Malama wani ɗan maɓalli a hannun dama. “Za ki ji ƙara daga lasifikar nan, mai kauri, tana maimaituwa. Jefi-jefi wata siririya za ta shigo. Duk lokacin da kika ji siririyar, ki danna. Shi ke nan.”

“Shi ke nan? Ko 'yan aji ɗaya sun fi ƙarfin wannan.”

Aka fara. Tum. Tum. Tum. Sannan tsit, siririya. Malama ta danna. Tum, tum. Tsit. Ta danna. Injiniya ya saki numfashi.

Can sai siririyar ta zo ta wuce, yatsan Malama bai motsa ba. Idonta a rufe, fuskarta a sake, kamar ta bi wani tunani ta manta da ɗakin. Wata ta sake zuwa ta wuce. Ya ga ɗakin da aka gyara a gidan Auta, ya ga gadonsu da gefe ɗaya a shimfiɗe babu kowa. Ya dubi mai na'ura, ta ba su baya tana kallon allo. A hankali ya zura hannunsa ƙarƙashin bargo ya kama hannun hagun matarsa.

Tsit. Ya matsa. Ta danna.

Tsit. Ya matsa. Ta danna.

Ba a sake kuskure ko ɗaya ba. Har ya fara jin daɗi, irin daɗin da yake ji idan ya ɗaga babban makunni gida ya ɗauki haske gaba ɗaya.

Mai na'ura ta sa tabarau. Ta matsa kusa da allo, ta koma baya, ta sake matsawa. Ta tashi ta duba wayoyin hular ɗaya bayan ɗaya, ta ƙara man shafawa a wani rami, ta koma ta zauna. Aka ci gaba. Ta ƙura wa layukan ido, sannan ta tsayar da ƙarar, ta juyo da kujerarta. Ba allon ta kalla ba wannan karon, bargon ta kalla.

“Baba, zo ka ga wani abu.”

Ya zare hannunsa ya taso yana gyara hula.

“Ka ga wannan tudun? Duk lokacin da siririyar ta yi, sai layukan su yi tsalle irin na jikin da aka taɓa. Na ɗauka waya ce ta saki. Na duba, lafiyarta ƙalau.”

“Wataƙila na'urar sanyin nan ce. Tana shiga layi wani lokaci.”

“Na'urar sanyi ba ta san siririya da mai kauri ba, Baba.”

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ɓata rai ba.

“Kai mai gyaran wuta ne, ko? Idan aka kira ka gida aka ce wani layi yana wasa, ka zo da mitarka za ka auna, sai ɗan gidan ya laɓe ya jona masa wuta daga maƙwabta don kada ka ga laifin layin. Me mitar za ta nuna?”

“Za ta nuna lafiya lau.”

“Sai ka tafi.”

“Sai in tafi. Sai wata rana bangon ya kama da wuta.”

“Ba maki nake ba ta ba. Dannawar ma ba ita ce babbar magana ba. Abin da nake dubawa shi ne yadda ƙwaƙwalwarta ke amsa ƙarar, da saurin amsawar. Yanzu abin da na ɗauka rabi nata ne, rabi naka. Likita ba zai iya karanta mutum biyu a hula ɗaya ba.”

“Ni dai kada ta faɗi,” in ji shi, muryarsa ta yi ƙasa. “Idan ta faɗi, ɗauke ta za a yi.”

“Wa ya faɗi?”

Malama ce. Ta buɗe ido, tana zaune a miƙe, hular wayoyi a kanta, fuskarta irin wadda ya sani tun ajin yamma.

“Ɗalibi. Kai ne kake matsa mini hannu?”

“Sanyi na ga kina ji.”

“Ƙarya a gabana? Na ɗauka tsoro kake ji, shi ya sa na ƙyale ka. Ashe satar amsa muke yi.” Ta juya ga mai na'ura. “'Yata, duk shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa barin an miƙa wa yaro amsa a ajina ba. Yau da tsufana a zo a miƙa mini?”

“Malama, ki saurare ni.”

“Kai za ka saurare ni. Kana tsammani ban san ina mantuwa ba? Na sani. Ina jin kalma ta zo bakina ta juya. Kafin in bi ta, ka riga ka kawo mini. Na gode. Amma saboda kai, ni kaina ban san iyakar abin da ya ɓace mini ba. Ina so in sani. Kaina ne.” Ta nuna ƙofa da maɓallin da ke hannunta. “Fita waje. Ka tsaya a baranda har a tashi.”

Mai na'ura ta duƙar da kai tana danne dariya. Ya fita.

Auta ta miƙe da ganinsa. “Har an gama?”

“An kore ni.”

Ya zauna kusa da ita a benci. Masu jinya na wucewa da keken marasa lafiya, wata tsohuwa a can gefe na gyangyaɗi. Ta bayan ƙofar yana jiyo ƙarar a dusashe. Tum, tum, tsit. Duk siririyar da ta yi sai yatsunsa su matse gwiwarsa. Auta ta lura, ta ɗora hannunta a kan nasa. A nan, ba tare da ta tambaya ba, ya fara ba ta labari. Tukunyar da ke bayan kabad. Ranar da uwarta ta fita sayen sabulu maƙwabcinsu tela ya dawo da ita daga wani layi. Maganin hawan jinin da ta sha sau biyu, shi ya sa yanzu a aljihunsa yake yawo da shi. Auta na saurare, hawaye na sauka, ba ta share ba.

“Baba, duk kai kaɗai?”

“Da wa zan yi? In na faɗa miki, da mota za ki zo.”

“Da na zo da mota, gaskiya,” ta ce, tana dariya tana kuka.

Bayan 'yan kwanaki suka koma wurin likita su uku. Kafin su shiga, Malama ta kafa doka: Ɗalibi ba zai yi magana ba sai an tambaye shi, tari ma an hana. Likitan ya sake yi mata tambayoyinsa. Ta amsa wasu, wasu kuwa ta ce, “Wannan ta tafi.” Injiniya ya zauna a kan hannuwansa yana kallon silin.

Likita ya juyo musu da allo. Ya nuna inda layukan suka yi nauyin tafiya fiye da yadda ake so, da inda amsar ƙwaƙwalwa ga siririyar ƙarar ta makara. Ya ce wannan awo shi kaɗai ba ya yanke hukunci, amma da aka haɗa shi da hoton kai da gwajin jini da amsoshinta na yau, duk hanya ɗaya suka nuna. Ciwon mantuwa ne, a farkonsa. Akwai maganin da zai iya taimakawa na wani lokaci. Ba zai warkar ba.

Malama ta gyara zama.

“To, na ji. Gara da na ji.”

Auta ta ce, “Likita, na shirya mata ɗaki a wurina.”

“Ki riƙe shi, rana na iya zuwa da za a buƙace shi. Amma yanzu, gidan da ta saba da shi yana yi mata rabin aikin tunawa. Ba na son a raba ta da shi da wuri. Damuwata ɗaya ce.” Ya dubi Injiniya. “Idan abin da ke faruwa a gida ba ya zuwa kunnena, ban san yadda zan taimaka ba. A nan sai in goyi bayan 'yarka.”

“An tambaye ka,” in ji Malama. “Yi magana.”

“Zai zo kunnenka,” in ji shi. “Duk abin da ya faru zan faɗa. Ga Auta nan, na riga na fara faɗa mata.”

Auta ta daɗe tana kallon iyayenta. Daga bisani ta ce to, amma za a samo wadda za ta riƙa zuwa da rana tana taimaka musu, kuma kullum da yamma za ta kira, uwarta za a ba wa waya, ba mai fassara ba. Ya amince da duka, har da waɗanda ba ta faɗa ba tukuna.

Auta ta tsaya karɓar magani, layin da tsawo, ta ce su yi gaba. Motar haya ta sauke su a bakin babban titi. Rana ta yi sanyi, masu shaguna na yayyafa ruwa a ƙofa. Suna tafe a hankali, shi da gwiwarsa, ita da tunaninta. Da suka iso mararraba, inda ake karyawa dama zuwa gida, Malama ta karya hagu.

Bakinsa ya buɗe da kansa. Ya rufe shi. Ya bi ta.

Suka wuce shagon aski, suka wuce wani gida mai koren ƙyaure, suka wuce yara na buga ƙwallo. Tana tafe da ƙarfin gwiwa, yana gefenta ta ɓangaren motoci. Can ta rage sauri. Ta dubi bangon dama, ta dubi na hagu, ta tsaya.

“Ɗalibi.”

“Na'am, Malama.”

“Wannan ba layinmu ba ne.”

“Ba shi ba ne.”

“Ka sani tun ɗazu?”

“Tun mararraba.”

Ta dube shi, ya ga tsoro ya gifta a idonta, ya ga kuma ta tsaya ta fuskance shi. Ta ja numfashi.

“Na ɓata. Ina ne hanya?”

“Baya za mu koma, sai mu miƙe.”

“To, muje. Amma a hankali, ina so in kalli wurin da na yi kuskuren.”

Suka juya tare.